Gyaran tsohon gida daki-daki: kicin, falo da tsakar gida

Duk wanda ya ce min zai gyara gidansa, tambayar da nake fara yi masa ita ce, ka taɓa tsayawa a baranda lokacin da ake tsuga ruwan Agusta kamar da bakin ƙwarya ka ga inda ruwan yake bi? Yawanci sai mutum ya yi shiru, don abin da ke ransa kalar tayil ne da irin silin ɗin da ya gani a waya. Ni 'yan uwa suka ɗora wa tsayawa a kan gyaran gidan mahaifiyarmu a nan Kano, tsohon ginin bulo ne, ɗakuna a jere, baranda, rijiya a tsakar gida, sai ɗan kicin a lungu da hayaƙi ya mayar da bangonsa baƙi ƙirin, kuma abin da zan ta nanatawa a nan shi ne kuɗinka na farko ya tafi kan abin da ido ba ya gani, wato rufi da bututu da waya da hanyar ruwa, ado ya zo a ƙarshe. Sannan a tsara gidan yadda muke rayuwa a cikinsa, mu masu tuƙa tuwo da daka da tarbar baƙi ba sanarwa.

Kafin a taɓa ko bulo ɗaya

Ka yi dubiyar gidan da damina, ka fara aikin bayan ruwa ya ɗauke wajen Oktoba ko Nuwamba. Da damina gida yake tona asirin kansa. Ka samu alli ko gawayi ka dinga zagaye duk inda ka ga silin ya yi taswirar ruwa, inda fenti yake kumbura yana ɓarewa daga ƙasan bango, inda farin gishirin nan yake fitowa a jikin fulasta, inda ruwa yake kwanciya a tsakar gida ya kwana. Ka ɗauki hoto da bidiyo, don wallahi da hunturu ya shigo komai zai bushe ka manta, shi ma magini ya zo ya ce maka "Alhaji ai bangon nan lafiyarsa ƙalau". Ka fi sa ido a bangon gabas da tagoginsa, hadarinmu daga gabas yake tasowa, can ne ruwa ya fi duka.

Daga nan ka ɗauki tef ka auna kowane ɗaki, tsawo da faɗi da tsayin silin, ka zana a takarda ko da zanen bai yi kyau ba. Akwai awo ɗaya da mutane ba sa yi kuma ya fi duka muhimmanci, tsakanin ƙasan gidanka da titi wanne ya fi tudu? A tsofaffin unguwanni layi kullum ƙara tashi yake, wannan ya zuba ƙasa wancan ya zuba ɓaraguzai, a zo a yi kwalta ko lambatu, shekara 30 sai ka ga gida ya koma rami. Magina suna da tiyon nan siriri mai ruwa a ciki da suke fitar da lebul da shi, ka sa a fitar maka tun daga bakin lambatu har ƙofar falo. Abin da ake so, falo da kicin su fi baranda tudu, baranda ta fi tsakar gida, tsakar gida ta fi bakin magudanar waje. In ba haka gidan yake ba to ciko yana cikin ayyukanka na farko, kuma zai shafi tsayin ƙofofi, gara ka sani tun yanzu.

In gidan gado ne a zauna da duk masu haƙƙi a yi magana a rubuta wa ya kawo me, in na haya ne ka karɓi izinin mai gida a rubuce. In kuma za ka ƙara gini ko ka canza fasalin gidan ko ka taɓa katangar da ke kan titi, ka leƙa hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, tun kafin a zo a shafa maka jan fenti. Maƙwabci ma yana da haƙƙi, kar ka buɗe tagar da za ta leƙa tsakar gidansa, kar indararonka ya zuba a jikin bangonsa.

Ma'aikata da kuɗi

Farashin siminti da rodi ba ya zama wuri ɗaya, don haka kar ka yarda da lissafin da aka ce maka "duka-duka kaza ne". Ka ce kowa ya rubuto adadin kaya, buhu nawa, bulo nawa, kwali nawa, waya nawa, kuɗin hannunsa daban, sai kai ka shiga kasuwa ka taya. A Kano ga Ƙofar Ruwa ga Sabon Gari wajen kayan gini da na wuta, katako a 'Yan Katako na Na'ibawa, na Kaduna suna da Panteka, na Abuja Dei-Dei, 'yan uwanmu na Yamai kasuwar Katako. Abin da lissafi ya ba ka, ka ware kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 a gefe ka yi kamar babu shi, tsohon gida sai an fasa ake ganin abin da ke ciki.

Ma'aikaci kuma kar ka ɗauke shi da hoton waya, ka je gidan da ya yi aiki shekara biyu da suka wuce ka gani da idonka, ka tambayi masu gidan. A yi jinga a rubuce gaban shaida, kafin alƙalami kaɗan, sauran a biya mataki-mataki, a riƙe wani abu sai an gwada aiki. Don Allah kuma in ya gama ka biya shi haƙƙinsa ba ja-in-ja, su ma iyali gare su. Ka guji sa aikinka dab da Sallah, lokacin kafinta da mai fenti kowa ya karɓi aikin gida biyar, haka farkon damina leburori da yawa sun koma gona.

Rufi, fashe-fashe, sai bututu da waya

Rufi ne farko, ba jayayya. Nan na yi kuskuren da har yau yake min ciwo, an ce min yoyon kusurwar falo kaɗan ne za a toshe daga baya, na bari aka yi silin POP, na farar hodar nan da ake kwaɓawa, ruwan farko mai ƙarfi da aka yi muka wayi gari kusurwar ta jiƙe ta yi ciki, kwana biyu ta rufto daidai inda Hajiya mahaifiyarmu take shimfiɗa dardumarta, Allah Ya tsare tana ɗaki a lokacin. Don haka kafinta ya hau ya duba kwano ɗaya bayan ɗaya, ƙusoshin da suka saki, katakon da gara ta ci, mahaɗar kwano da bango, musamman in rufin nan ne da ake ɓoyewa bayan katanga, gotarsa tana cika da ganye da leda ruwa ya komo cikin gida. Duk sabon katako a shafe shi da maganin gara kafin ya hau.

In tsohon silin ɗinka na asbestos ne, kar a farfasa shi ko a sa masa zarto, ƙurarsa tana yi wa huhu mummunar illa. A jiƙa shi da ruwa, a cire ƙusa a sauke shi fale-fale, ma'aikata su rufe hanci, yara su bar gidan ranar.

Fasa bango don a faɗaɗa falo ko a haɗe kicin da sito abu ne mai kyau, amma fa akwai bangon da shi yake ɗauke da rufi ko dakin, wato rufin kankare, kuma birkila ba injiniya ba ne komai daɗewarsa a sana'a. Ka biya injiniya ya zo ya duba, in za a cire a tokare sama tukunna, a zuba fila da bim, wato ginshiƙi da kankaren da ke giciye a kansa, da rodin da ya rubuta. Kankare na irin wannan aiki ana haɗa buhun siminti 1 mai kilo 50 da kwanon yashi 4 da kwanon tsakuwa 8, don buhu ɗaya kwanon leburori 2 ne. Fulasta kuma buhu 1 da kwanon yashi 10 zuwa 12, in ka ga ana loda wa buhu ɗaya baro a kan baro ka tsayar da aikin. Ban-ruwa safe da yamma kwana 7 aƙalla, iskar hunturu tana busar da siminti kafin ya kama sai ya yi ta tsagewa, kankare kuwa sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kar a yi gaggawar cire katakon da ya tokare bim.

Yanzu ne lokacin falamba da mai wayarin, bango yana tsirara. Duk inda za ka so soket ko famfo nan da shekara 10 a sa bututunsa yau ko da ba za a zura waya ba. Wayar fitila mai lambar kauri 1.5, ta soket 2.5, AC da hita 4, kukar lantarki 6, kowanne da birekarsa, a kafa wayar ƙasa, wadda take kai wutar da ta zille cikin ƙasa, ta gaske ba ta ganin ido ba. Ka kankare bakin wayar da wuƙa a shago ka tabbatar jan ƙarfe ce har ciki, akwai wadda aka yi wa rufi kawai cikinta fari, irinta ce take zafi ta ta da gobara. In kana da niyyar sola ko da ba yanzu ba, a raba layi tun yau, fitilu da fankoki da talabijin a layin inbata, masu jan wuta a layin Nepa. Kafin a rufe da fulasta a cika bututun ruwa a toshe a bar shi ya kwana a ga ko zai yi gumi, sannan ka ɗauki hoton kowane bango da tef a jiki.

Kicin

A nan ka yi shiru ka saurari mai girkin. Ranar da aka zo awon kantar girki na kira Hajiya, mai aikin ya ce santimita 90 ake yi ko'ina, ta kalle shi ta ce a ɗauko mata tukunyar tuwonta da muciya. Aka jera bulo aka ɗora tukunyar a wannan tsayin, ta kama muciya sai ga gwiwar hannunta ta kai kafaɗa, ta ce "ɗan nan, a haka zan tuƙa tuwon mutum goma sha biyu?" Shi kenan magana ta ƙare. Muka yi kanta mai hawa biyu, wajen yanka da wanke-wanke santimita 85 daidai tsayinta, wajen babbar tukunya muka sauke shi zuwa wajen 55, yanzu a tsaye take tuƙi ba ɗaga kafaɗa ba durƙuso. Ku ma ku gwada da bulo da tukunyar gidanku kafin a zuba komai, minti goma ne.

Faɗin kanta santimita 60, tsakaninta da kabad ɗin sama 55 zuwa 60, hanyar wucewa kar ta gaza mita 1, in mutum biyu ne suke girki a kai 1.2. Firij da sinki da murhu su zama kusa da juna, a bar fili tsakanin sinki da murhu don nan ne ake yawancin aikin, kar kuma a manna firij jikin murhu. Murhu kar ya zauna daidai ƙarƙashin taga, iska tana kashe wuta labule yana kamawa, sinki ne ya dace da taga.

Ni a ra'ayina ƙasan kanta a gina shi da bulo da kankare, a sa dutsen giranit ko tayil mai faɗi a sama, ƙofofin kawai za a yi da katako ko alminiyam. Kabad ɗin MDF, katakon nan na matsattsen garin katako, yana da kyau ranar da aka kafa shi, amma ruwa kaɗan ya taɓa gindinsa zai kumbura kamar burodi, mu kuwa wanke kicin muke da bokiti da tsintsiya. In dai sai katakon kake so, a yi masa dakali na kankare santimita 10 ya hau kai, ƙarƙashin sinki a sa katako mai jure ruwa, MDF ya tsaya a kabad ɗin sama.

Bututun sinki inci 2, ya gangara kamar santimita 2 a kowace mita, a sa masa gwiwar nan mai riƙe ruwa don ita ke tare wari da kyankyaso. A waje daidai bayan kicin a gina ɗan cemba mai murfi inda maiƙo da ƙanzo za su tsaya a dinga kwashewa, manja da kitse suna daskarewa a bututu lokacin sanyi, in babu cemban nan duk shekara sai an fasa daɓe. A sa magudana ɗaya a ƙasan kicin ɗin, tayil ya karkato wajenta. Tayil ɗin ƙasa mai kaushi za a saya, mai sheƙin nan in ruwa da mai suka haɗu a kansa tarko ne, musamman ga tsofaffi da masu juna biyu. Na bango kuma mai santsi, a kai shi aƙalla tsayin ƙofa a ɓangaren murhu, suya tana fallatsa sama fiye da yadda ake zato.

Maganar gas ina roƙonku da Allah ku ɗauke ta da gaske. Silinda, ko mai kilo 6 ce ko 12.5, a waje ya kamata ta zauna, a gina mata ɗan keji mai raga a inuwa jikin bangon kicin, a huda bango bututu ya shigo. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya ya taru a cikin kabad, shi ya sa kulle silinda a ƙarƙashin kanta yake da haɗari, kuma shi ya sa ake so a bar ƴar kafar iska mai raga a ƙasan bango ban da taga. Bayan an haɗa a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, in ya yi kumfa akwai yoyo, ba a gwadawa da ashana. Ku koya wa kowa a gidan, in an ji wari a rufe silinda a buɗe ƙofa da taga, kar a taɓa makunnin fitila. A sa fankar zuƙe hayaƙi a saman bango kusa da murhu, ƙarama ma ta isa.

Soket a saman kanta kamar guda huɗu, nesa da sinki kamar ƙafa biyu, firiza da nata layin. Sito kuma ko ƙarami ne a fitar da shi, mu masu ajiye buhun shinkafa da masara da wake ne, a yi dakalin katako buhu ya bar ƙasa ya bar jikin bango, a sa tagar raga ta ƙarfe a sama don albasa da doya su sha iska, a toshe ƙasan ƙofa da falle ɓera ya rasa hanya.

Falo

Fara da ƙofa. In baƙo ya yi sallama ya shigo falo idonsa ina yake faɗawa? Kakanninmu da suka yi zaure da soro sun gama wannan lissafin, baƙo yana da wurinsa iyali suna da sirrinsu. In da hali falo ya samu ƙofa biyu, ta waje da ta cikin gida, kar su kalli juna, in babu hali ɗan gajeren bango ko allon katako a gaban ƙofar ciki ya wadatar. Banɗakin baƙi da wajen alwala kusa da ƙofar waje yana raba matan gida da yawan tashi a ba da hanya.

Silin POP ina son sa, amma mai sauƙi. Mai hawa uku da lunguna da fitilu kala-kala ɗin nan ƙurar hunturu ce take tarewa a ciki ba mai iya sharewa, sannan yana sauko da silin ɗakin ya ƙara zafi, mu da muke ganin sama da digiri 40 a watan Afrilu. In silin ya kai mita 3 ka bar shi a nan, fiffiken fanka ya tsaya kamar mita 2.4 daga ƙasa, kuma ƙugiyar fanka a jikin katakon rufi ko rodi ake ɗaure ta ba a jikin POP ba. A bar kafofin iska masu raga tsakanin kwano da silin don zafin da ya taru ya fita, a bar ƴar ƙofar hawa sama.

Lissafin tayil ba wuya. Falo mai mita 4 da 5 murabba'in mita 20 ke nan, ƙara kashi 10 cikin 100 na yanka da fashewa ya zama 22, kwalin tayil mai 60 da 60 guda 4 ne a ciki wato murabba'in mita 1.44, ka ga kwali 16 za ka saya. Ka duba lambar da ke jikin kwalayen ta zama iri ɗaya, don kala ɗaya ma tana bambanta daga fita zuwa fita, sai an shimfiɗa ake gani. Tayil na gama-gari ana jiƙa shi a ruwa kafin a ɗora a siminti, mai ƙarfin nan da ba ya shan ruwa kuma gam ɗin tayil yake so. Kar ka yarda a manne su ba tsaga wai ya fi kyau, zafi yana buɗa su, rana ɗaya za ka ji fas-fas tsakiyar falo ya tashi. A bar tsaga ƴar kaɗan tsakaninsu da kuma jikin bango, sikatin, wato tayil ɗin gindin bango, ya rufe. Washegari ka bi su ɗaya-ɗaya kana ƙwanƙwasawa da makulli, wanda ya yi amon ganga ƙasansa rami ne, a cire a sake tun siminti bai gama kamawa ba.

Fenti sai fulasta ta bushe, sati uku zuwa huɗu, in aka yi gaggawa ɓarewa zai yi. Inda ka zagaye da alli saboda damshi a kankare har bulo a sake fulasta da maganin hana ruwa, amma ka sani in ruwa yana kwanciya a bayan bangon gyaran gangar Auzinawa ka yi, sai an kore ruwan daga waje. Sikiridin, wato shafen da ke sa bango ya yi sumul, sai shafar fenti ta farko, sai kafinta da mai wuta su gama nasu, shafa ta ƙarshe bayan kowa ya fita. Gidan yara a sa fenti mai wankuwa, kala mai haske amma ba fari tas ba saboda jar ƙura.

Kujeru kar a cika, a jera su jikin bango a bar tsakiya, ranar suna ko gaisuwa ko buɗa baki a ƙasa ake zama a kan kafet, sahun salla ma yana son fili. Talabijin kar a kai ta can sama, tsakiyarta kamar mita 1 da ƴan kai daga ƙasa, a binne bututun wayoyinta a bango. Sai baglari, kowane ɗaki a samu taga ɗaya da ƙarfenta yake buɗewa daga ciki, makullin a rataye kusa inda kowa ya sani, an sha rasa iyali guda a gobara saboda ƙarfen da aka sa don tsaro ya hana su fita. Ragar sauro a kowace taga, wannan ba sai an faɗa ba.

Tsakar gida

Bututun ƙasa da cemba da sokawe tun farkon aiki ake yin su, amma shimfiɗar sama ita ce ta ƙarshe, don a nan ake kwaɓa siminti ake sauke yashi. Gangara santimita 2 a kowace mita, wato tsakar gida mai tsawon mita 10 bakin rariya ya fi can ciki ƙasa da santimita 20. Jikin bango a zagaye shi da daɓen siminti mai faɗin kamar ƙafa biyu da ya karkato waje, inda indararo yake zuba a yi masa hanya har rariya, bakin rariyar a sa raga.

Kar a shafe ko'ina da siminti, da bazara zai sha rana ya yi ta huci har tsakar dare ba mai iya shimfiɗa tabarma. Intalok ya fi, ruwa yana ɗan nutsewa ta tsaginsa kuma in bututu ya lalace ɗagawa ake a mayar. A zuba burji a daddaɓe sosai, yashi santimita 3 zuwa 5, intalok mai kauri milimita 60 ya isa mutane da ƙaramar mota, inda tifa ko tankar ruwa za ta taka a sa mai 80, a ɗaure gefe da kankare in ba haka ba zai yi ta bajewa. Amma a bar ƙasa a gindin bishiya, a bar wani lungu na daka, turmi yana fasa tayil yana kwance intalok, mu daɓen kankare mai kauri muka yi masa a ƙarƙashin rumfa kusa da murhun waje. Murhun wajen nan kar ku raina shi, ranar biki ko suyar naman layya kicin ɗin ciki ba zai ɗauka ba, a sa famfo da magudana kusa da shi don yanka da wanke kayan ciki, turken rago ma a nan kusa inda za a iya wankewa.

Bishiya in ka tarar da ita a gidan ka yi iya ƙoƙarinka ka bar ta, inuwar shekara 20 ba a sayenta a kasuwa. In sabuwa za ka dasa, darbejiya da mangwaro suna son fili, a nisanta su da bango da sokawe kamar mita 5 ko 6 saboda saiwa, ƙaramin gida ya fi dacewa da gwaiba da lemon tsami da gwanda da zogale, Hajiya kam lalle ta sa aka jera mata jikin katanga. Rijiya a ɗaga bakinta a yi mata murfin ƙarfe mai kwaɗo saboda yara, sokawe ya nisance ta aƙalla mita 15, in da fili a kai 30, ka kuma tambayi inda na maƙwabta yake kafin ka haƙa. Tankin ruwa mai lita 1000 in ya cika kilo 1000 ne, don haka ƙafarsa ba aikin ragowar ƙarfe ba ce, kuma ba a ɗora shi kan tsohon bango haka kawai. Igiyar shanya a bayan gida inda mai shigowa ba zai gani ba, fitilar sola ɗaya a get ɗaya a hanyar banɗaki.

Ranar karɓar aiki ka zo da bokiti. Ka sheƙa ruwa a kicin ka ga ko zai nufi magudana, ka cika sinki ka sake shi lokaci ɗaya kana leƙa ƙarƙashi da tocila, ka sa caja a kowane soket, ka buɗe kowace ƙofa da taga, a tsakar gida a saki tiyo minti goma daga can ƙarshe ka bi ruwan da ƙafa har lambatu, inda ya tsaya ka zagaye da alli a ɗaga wurin a gyara. Ragowar tayil kwali ɗaya da ɗan fenti a galan da hotunan bangon nan da ka ɗauka a adana su wuri ɗaya a sito. Mai rufi kuma tun ranar jinga ku yi da shi cewa cikon kuɗinsa sai an yi ruwa biyu masu ƙarfi, ka hau da tocila ta ƙofar silin ka duba katakon a bushe yake, sannan ka kira shi ya zo ya karɓa.